Idan Injin Volkswagen Yana Ɗigar da Mai Bayan Gyara

Maganarmu a wannan fitowa ta shafi ƙungiyoyin da har yanzu suke riƙe da tsohuwar Volkswagen, ko ƙaramar nan mai kama da kunkuru ko kuwa Kombi, domin ɗaukar taki da kai amfanin gona kasuwa. A 1975 aka fara harhaɗa waɗannan motoci a Legas. Ƙaramar kuwa, a ƙasar Meziko aka ƙera ta ƙarshe, a watan Yuli na 2003. Saboda haka duk wadda ke hannunmu ta tsufa, yawancinsu ma an taɓa sauke injinsu an sāke haɗawa.

Ga abin da yakan faru. Ƙungiya ta tara kuɗi da ƙyar, makaniki ya haɗa inji, bayan kwana biyu sai a ga baƙin mai yana ɗiga a ƙarƙashin mota. Nan da nan waɗansu su ce makaniki ya cuce mu, waɗansu su ce a sāke sauke injin. Shawararmu ita ce: kada a kashe ko sisi, kada kuma a zargi kowa, sai an gano ainihin wurin da man yake fitowa.

Me ya sa ɗigon ya zama abin damuwa?

Wannan inji ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa. Iskar fanka da baƙin mai su ne suke sanyaya shi. Man da yake ɗauka duka lita 2.5 ne kawai, don haka in ya ragu kaɗan, zafi ya ƙaru ke nan. Ban da haka, man da ya zuba a jikin silinda yakan kama ƙura, musamman da hunturu, ya zama kamar yumɓu, ya toshe hanyar iska. Inji mai zafi yakan ƙone robobinsa, ɗigo kuma ya daɗu. In kuwa man ya shiga wurin kuloci, mota za ta kāsa hawan tudu da kaya.

Matakin fari: a wanke, a duba

Mai yakan gangara ƙasa, iskar tafiya kuma takan tura shi baya. Inda ya ɗiga dabam, inda ya fito dabam. Ga yadda za a yi:

1. A bar inji ya huce. A rufe distiributa da leda, a wanke injin da kananzir da ruwan sabulu, sama da ƙasa. Kada a yi wankin da fetur, gama yana kama wuta.
2. In ya bushe sarai, a barbaɗa garin alli ko garin rogo mai laushi a wuraren da ake zato.
3. A auna mai a wuri mai daidai, kada ya wuce layin sama na sandar awo.
4. A ta da inji ya yi kamar minti 15, sa'an nan a kashe. A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashi.
5. A ɗauki tocila, a bi sawun mai a cikin garin daga ƙasa zuwa sama. Wuri mafi bisa da ya jiƙe, shi ne tushen.

Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara ga jak kaɗai. A sa guntayen katako masu ƙarfi, a kuma tare ƙafafun da duwatsu. A nisanta hannu da riga daga fanbel sa'ad da inji yake aiki.

Abin da wurin ɗigon yake gaya mana

In mun ce hagu ko dama, muna nufin mutum yana tsaye a bayan mota yana fuskantar gaba.

Tsakiyar ƙasan inji. A nan akwai faifai mai noti 6 wanda yake rufe rariyar mai, gama wannan inji ba shi da filta irin ta sauran motoci. Faifan yana da fakin 2, kowane noti kuma yana da washa ta tagulla. In an matse notin fiye da kima, faifan yakan lanƙwashe ya riƙa yoyo. Magani: sabon fakin, sababbin washa, a daidaita faifan, a ɗaure a hankali. Amma a lura, man da ya fito daga sama ma a nan yake taruwa.

Can gefe, dama ko hagu. Wannan murfin bawul ne, wanda waya mai ƙarfi take riƙe da shi. Fakinsa yakan goce lokacin rufewa. Aikin 'yan mintoci ne, direba ma zai iya.

Ƙarƙashin silinda. Akwai bututu 8, huɗu a kowane gefe, kowanne da roba a bakinsa biyu, watau roba 16 ke nan. Bakin bututun yana da lanƙwasa da takan matse idan an ɗaure kan silinda. In an mai da tsohon bututu ba a ɗan miƙe shi ba, ba zai danne robar ba. Wannan yana cikin abubuwan da suka fi jawo ɗigo bayan gyara.

Daga sama, gefen hagu. In silinda ta 3 da ta 4 sun jiƙe tun daga sama, a fara duba makunnin da yake kunna fitilar mai, kusa da distiributa. Shi ba shi da tsada, sauya shi kuma ba wuya. In shi a bushe yake, to zato ya koma kan na'urar sanyaya mai da ke cikin gidan fanka, wadda take zaune a kan roba 2. Robobin nan iri-iri ne bisa ga shekarar inji, sa wadda ba tata ba yakan kawo yoyo.

Bayan fulin fanbel. Mutane da yawa ba su san cewa masu ƙera injin ba su sa roba a wannan wuri ba. Zare ne aka yanka a jikin fulin, yana mai da mai ciki yayin da yake juyawa. In mai yana fitowa nan, ko an cika mai fiye da kima, ko tiyon numfashin inji ya toshe, ko kuwa hayaƙi yana wuce ringin fistin. Sababbin ringi sukan ɗauki ɗan lokaci kafin su zauna, don haka a buɗe tiyon, a daidaita mai, a sa ido tukuna.

Tsakanin inji da giya. A nan sai a sansana. Man giya yana da kauri da wari mai ƙarfi kamar na ƙibiritu. In shi ne, robar giya ce ta lalace, ba laifin haɗa inji ba ne. In baƙin mai ne, to robar da ke bayan babban faifan ƙarfe ce, wanda makanikai suke kira filawil. Kafin a sauya ta, a kama fuli da hannu biyu, inji a kashe, a ja a tura. Wasan da ya kamata tsakanin milimita 0.07 da 0.13 ne, abin da ido ba ya gani sosai. In ana ganin motsi ana jin ƙara, sabuwar roba ma ba za ta daɗe ba sai an gyara wasan. Wannan aiki dole a sauke inji.

Abu ɗaya kuma: in mai yana ƙaruwa da kansa, yana kuma warin fetur, famfon fetur ne ya huje yana zuba a ciki. A tsai da motar nan take.

Shawara ga kwamiti

Ɗan dausayi da ba ya ɗiga ƙasa ba abin tsoro ba ne a tsohon inji. Amma a ajiye littafi a cikin mota, direba ya auna mai kowace safiya, ya rubuta abin da ya ƙara. A sāke mai duka bayan kowane kilomita 5,000, ko ƙasa da haka a hanyar ƙura. In fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji nan da nan, ko da saura kaɗan a isa gida.

Sa'ad da aka gano wurin, mutum biyu daga kwamiti su tafi wurin makaniki da kwalin da littafin, su nuna masa cikin ladabi. In kuskurensa ne, zai gani da idonsa, gyara kuma ya zo da sauƙi ba tare da faɗa ba. In ba nasa ba ne, mun tsira daga ɓata sunan mutum a banza. Motar nan gumin gwauraye da matasa da dattawan ikkilisiya ne, amana ce a hannunmu. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙe ta, ya kuma sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.