Tasirin Muhalli a Kan Jin Daɗin Wasan Golf a Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa

A wannan takarda muna so mu nuna cewa daɗin wasan golf ya dogara ne ga abin da ke kewaye da filin, watau inuwa da iska da ruwa.

A Dubai, sai a shekarar 1988 aka buɗe filin ciyawa na farko, wanda ba ya rayuwa sai da ban-ruwa kullum. A Kano kuwa, an daɗe ana kewaye ramukan ƙwallo da rairayi cakuɗe da baƙin mai, kuma wasa bai fasa armashi ba.

Idan muka dubi Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, damina kamar wata 4 ce. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40, da hunturu kuma hazo yakan hana ɗan wasa hangen ƙwallonsa. Saboda haka inuwa ta fi kore tsanwa amfani a nan. Gawo, alal misali, da rani yake fitar da ganye, daidai lokacin da ake bukatarsa.

A ganinmu, filin da zai shanye ruwan manoman fadama da makiyaya bai dace da wannan ƙasa ba. Gara rairayi da itatuwan gida.