Bindiga Mai Sarrafa Kanta da Dokar Makamai a Ƙasar Gobir

Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. A cikinsu akwai bindiga mai sarrafa kanta, da bindigogin soja, da fistol kowane iri. Wanda aka kama da ɗayansu ba izini, hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Na biyu, irin bindigar harbin tsuntsu, sai da lasisin Sufeto Janar. Na uku su ne na ɗuri, kamar adakar maharba, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda.

A Amurka, inda aka halatta fistol, an ƙera wani ɗan ƙarfe da ake maƙala wa ƙirar Glock, ta riƙa aman harsashi muddin yatsa na kan kunama. Dokar can ta ɗauki ƙarfen, ko shi kaɗai, a matsayin bindiga mai sarrafa kanta. Dokar Nijeriya ba ta bukaci wannan dogon sharhi ba, tun da fistol ɗin kansa haramtacce ne.

To amma abin da ya addabi Sabon Birni da Isa ya wuce nan. 'Yan bindigar dazuzzukan iyakar Zamfara da Nijar AK-47 suke riƙe, ita kuwa haka ta fito daga maƙera, ba ta bukatar ƙari. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda, alhali manomin da ya so tsare gidansa da adaka, doka ta ce sai ya nemi lasisi tukuna.