Kiran tsakar dare: Yadda na'urori ke hana mutanen karkarar Zamfara barci, da hanyoyin magance su

A yawancin garuruwan Najeriya, wayar da ta yi ƙara da ƙarfe biyun dare abin haushi ce kawai. Mutum ya duba, ya yi tsaki, ya juya ya ci gaba da barcinsa.

A Kekun Waje da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, da ƙauyukan da ke kewayen Gusau da Tsafe, lamarin ya wuce haushi. Yanki ne da ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga, saboda haka kiran dare na iya zama gargaɗi daga ƙauyen da ke maƙwabtaka cewa an ga babura, ko kuma muryar ɗan'uwan da ke hannun masu garkuwa.

Shi ya sa mai gida ke zabura ya ɗauka. Wani lokaci sai ya tarar babu mutum a layin. Ko dai ya ji muryar da aka naɗa tana tallar waƙa da Turanci, ko shiru, ko kuma a katse kafin ya kai wayar kunne. Zuwa lokacin uwargida ta farka, yara sun tashi, barci ya ƙaurace wa gidan.

Irin wannan kira na'ura ce ke yin sa, kuma akwai hanyoyin rage shi ba tare da an rufe ƙofa ga kiran da zai iya ceton rai ba.

Me ya sa ba za a kashe wayar kawai ba?

Shawarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a kashe waya idan za a kwanta. Mutumin birni zai iya. Ga mazaunin karkarar Zamfara kuwa, wayar ce mai gadinsa.

Da ita ƙauyuka ke sanar da juna motsin mahara. Da ita ake kiran mai mota idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare ana son kai mace asibiti a Bunguɗu ko Gusau. Iyalan da aka sace wa mutum kuwa ba sa yarda cajin waya ya ƙare, domin ba su san lokacin da za a kira ba, kuma ba su san da wace lamba ba.

Mutanen jihar sun ɗanɗana zama babu waya. A farkon watan Satumban 2021, Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin taimaka wa jami'an tsaro. Sai a farkon Oktoba aka dawo da sabis a Gusau, sauran yankuna kuma suka ƙara jira. A lokacin, mutane sun riƙa tafiya har Funtuwa ta jihar Katsina don kawai su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi.

Wanda ya ga wannan zamani ba zai kashe wayarsa da hannunsa ba.

Tsohuwar matsala ce

Na'ura ta fara tayar da mutane daga barci tun kafin zuwan salula. A zamanin wayar tarho ta NITEL, ofisoshin gwamnati da bankuna da kamfanoni na amfani da faks, wato na'urar da ke tura hoton takarda ta layin tarho.

Idan ma'aikaci ya yi kuskuren lamba ɗaya, sai faks ɗin ta kira gidan wani. Mai gida ya ɗauka, ya ji wani ɗan ƙara mai tsini yana maimaituwa bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ƙara sallama ce da na'urar ke yi, tana jiran 'yar'uwarta ta amsa. Da ta ji ba a amsa ba, sai ta katse, ta jira 'yan mintuna, ta sake kira, domin haka aka saita ta.

A Turai da Amurka, kamfanonin talla sun riƙa tsara faks ɗinsu ta yi aiki da dare, lokacin da kuɗin kira ya fi sauƙi. Abin ya dami jama'a har majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1991 da ta haramta tura tallar faks ga wanda bai nema ba, ta kuma taƙaita kiran da na'ura ke yi da muryar da aka naɗa.

Wayar tarho ba ta taɓa wadatar karkarar Zamfara ba. Salula ce ta kawo wa yawancin gidaje layinsu na farko bayan fara aikin GSM a Najeriya a 2001. Sai dai halin na'urar bai sauya ba. Kwamfuta ce yanzu ke bin jerin lambobi tana kira, ba ta san dare ba, ba ta san gidan da ake zaman ɗar-ɗar ba.

Su wane ne ke kira?

Kafin a nemi magani, yana da kyau a gane irin kiran, domin kowane da nasa maganin.

Na farko shi ne kiran talla. Yakan zo daga gajeriyar lamba ko lambar da ta yi kama da ta kowa, a ji muryar da aka naɗa tana tallar waƙar jiran kira, ko caca, ko wani tsarin data, tana cewa a danna 1. Danna wannan lamba cikin magagin barci na iya shigar da mutum tsarin da za a riƙa cire masa kuɗi kullum.

Na biyu shi ne kiran da ake yi sau ɗaya a katse, yawanci daga lambar ƙasar waje. Ana kiran wannan damfara da suna Wangiri, kalmar Japananci mai nufin ƙara ɗaya a yanke. Burin masu yin ta shi ne mutum ya bi kiran. Lambar da zai kira mai tsada ce, kuma 'yan damfarar na samun kaso daga kuɗin kowane minti. A watan Mayun 2019, hukumar sadarwa ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin wannan kira, ta ce ana yin sa ne sau da yawa cikin tsakar dare da lambobin da ke farawa da 222, wato lambar ƙasar Muritaniya.

Wannan tarko ya fi kama mutanenmu saboda al'adar filashin. Mun saba wanda ba shi da kati ya ɗan taɓa waya ya katse, mai hali ya bi kira. Ga kuma gidajen da ke da ɗa a Libiya ko Aljeriya ko Saudiyya, waɗanda duk baƙuwar lamba mai alamar + ke sa su tunanin nasu ne.

Na uku su ne manhajojin bayar da bashi ta waya. Wasu daga cikinsu na kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashin, idan ya gaza biya sai su bi 'yan'uwa da abokansa da kira da saƙonnin cin mutunci. Mutum na iya shan wannan wahala alhali bai taɓa cin bashin ko kwabo ba. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Loan naira miliyan 10 kan keta sirrin jama'a, sannan a Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas.

Na huɗu shi ne gadon tsohon mai layi. Idan layi ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na karɓe lambar ya sake sayar da ita. Sabon mai layin sai ya gaji duk wata rajista da tsohon ya yi, har da kiran tunin bashi. Wannan ya fi kama da matsalar faks ta da: na'ura na neman wani, tana samun wani.

Lambar 2442

Maganin kiran talla na hannun kowa, kuma kyauta ne. Tun ranar 1 ga Yulin 2016, NCC ta wajabta wa kamfanonin sadarwa tsarin da ke bai wa mai layi damar hana a dame shi, ta lambar 2442.

Mutum zai buɗe wurin rubuta saƙo, ya rubuta STOP, ya tura zuwa 2442. Wannan zai rufe tallace-tallacen gaba ɗaya. Wanda ke son ya bar wasu, misali na harkar lafiya ko ilimi, sai ya tura HELP don ya ga zaɓin da ke akwai. Kalmar STATUS kuma na nuna ko tsarin ya hau. Lambar ɗaya ce a MTN da Airtel da Glo da sauransu, kuma tana aiki a ƙaramar waya mai madannai kamar yadda take yi a babba. Mai layi biyu sai ya tura daga kowane layi daban.

Idan an riga an shigar da mutum wani tsari ana cire masa kuɗi, lambar *305# ita ce ta dakatar da irin waɗannan tsare-tsare. Lambar 300 kuma ita ce ta sashen kula da masu hulɗa a duk kamfanonin, tun bayan daidaita gajerun lambobi da aka yi a 2023.

Idan an kai ƙorafi kamfani bai yi komai ba, mataki na gaba shi ne kiran NCC a 622, shi ma kyauta. Yana da kyau a nemi lambar shaidar ƙorafi daga kamfanin tun farko, a kuma rubuta lambar da ke kira da rana da lokaci, domin da su za a bi sawu.

Sai dai 2442 na da iyaka. Tana ɗaure kamfanonin da ke ƙarƙashin dokar NCC ne kawai. Ɗan damfarar da ke kira daga wata ƙasa ta intanet bai san da ita ba.

Abin da wayar kanta za ta iya

Kusan kowace waya, har ƙananan Itel da Tecno, na da wurin toshe lamba. Idan lamba ɗaya ce ke maimaita kira, toshe ta ya wadatar. Matsalar ita ce masu na'ura na sauya lambobi, wani lokaci ma lambar da ke bayyana a fuskar wayar ta bogi ce.

Manyan wayoyi na da tsarin hana damuwa, wanda ake iya saitawa daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ya bar kiran lambobin da aka ajiye kawai su yi ƙara. A cikinsa akwai zaɓin da ya dace da yanayin Zamfara: idan baƙuwar lamba ta sake kira cikin ɗan lokaci, minti 15 a wayoyin Android, minti 3 a iPhone, kira na biyun zai yi ƙara. Mutumin da ke cikin tashin hankali zai sake kira nan take. Yawancin masu kira ɗaya a katse ba sa yin haka.

Ga mai ƙaramar waya, akwai dabarar sauti. A ajiye lambobin 'yan'uwa, da mai unguwa, da 'yan sintiri, da na ƙauyukan maƙwabta, a ba su sautin kira na daban mai ƙarfi, sauran kuma a bar musu marar ƙarfi. Tun daga kan gado kunne zai bambance.

Wasu na amfani da manhajar Truecaller, wadda ke nuna sunan mai kira da kuma ko wasu sun yi ƙorafi a kan lambar. Tana taimakawa, amma tana buƙatar data da sabis mai kyau, kuma sunan da take nunawa ba hujja ba ne, domin jama'a ne ke sanya shi.

Gidan da ke jiran kira daga masu garkuwa kuwa, bai dace a toshe baƙin lambobi ba sam. Abin da zai rage musu wahala shi ne 2442, sannan a riƙa karɓa-karɓar riƙe wayar da dare, kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya.

Abubuwan kiyayewa

Kada a bi kiran lambar waje da ba a sani ba. Lambar Najeriya na farawa da +234, ta Nijar +227, ta Saudiyya +966. Ɗan'uwan da ke waje zai sake kira ko ya turo saƙo.

Kada a danna wata lamba don muryar na'ura ta ce a danna, ko da ta ce hanyar daina kiran ke nan. Yin haka na tabbatar musu cewa layin na aiki.

Kada a bayar da lambar BVN ko NIN ko lambar sirrin katin banki ko lambar da aka turo ta saƙo. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya, da rana ma balle da dare.

Kada kuma a yarda da jita-jitar lambar da ke kashe wanda ya amsa ta. An yi wannan yayi a Najeriya a 2004, aka sake yi a 2011 har sai da NCC ta fito ta ƙaryata. Kiran waya ba ya kisa. Aljihu yake taɓawa, da kuma kwanciyar hankali.

Idan kuwa mutum ne ke magana yana barazana ko neman kuɗin fansa, wannan ya fita daga batun talla. A ajiye lambar da saƙonnin, a sanar da 'yan sanda ko a kira lambar gaggawa ta 112. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta barazana ta hanyoyin sadarwa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta bai wa mutum damar kai ƙarar wanda ya yi amfani da lambarsa ba da izininsa ba.

Inda gizo ke saƙa

Duk waɗannan matakai na buƙatar karatun boko, ko kaɗan ne. Kalmomin da ake turawa 2442 na Turanci ne, haka ma yawancin saitin waya. Dattijon da ke Kekun Waje, wanda kira da amsawa kawai ya iya, ba zai yi su da kansa ba.

A nan ne masu shagon caji da masu POS da ɗaliban da ke dawowa hutu daga Gusau za su yi amfani. Wayoyin ƙauye da dama na kwana ko yini a wurin mai caji. Idan ya nemi izinin mai wayar, tura STOP zuwa 2442 da toshe lamba ɗaya ko biyu ba za su ɗauke shi minti biyu ba.

Sauran aikin na kamfanonin sadarwa ne da NCC: su yi bayanin 2442 da 622 da Hausa a gidajen rediyon jihar, su kuma tabbatar cewa wanda ya ce a daina kiransa an daina.