Nigersaurus: Dabbar da ke Sauya Haƙori Duk Mako Biyu

Shirinmu na yau zai kai mu Gadufawa, cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadez a Jamhuriyar Nijar. Wurin nan da yau babu komai sai yashi da rana, shekara miliyan 110 da suka wuce fadama ce mai koguna da manyan kadoji. A nan wata dabba ta yi kiwo, wadda masana suka raɗa wa suna Nigersaurus taqueti.

Idan aka ce dainaso mai dogon wuya, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne wata ƙatuwar halitta da ke miƙa kai tana tsinkar ganye a ƙololuwar bishiya. To, wannan ta Nijar danginsu ɗaya, amma ta saɓa wa wannan hoto kusan ta kowace fuska.

Mu fara da asalinta. Tun ƙarni na 19 masana suka raba dainaso gida biyu bisa ƙirar ƙashin ƙugu. A ɗaya daga cikin gidajen akwai zuriyar Sauropoda, masu tafiya da ƙafa huɗu, ƙaramin kai, dogon wuya da doguwar jela. Zuriyar ta yi manyan rassa biyu: na su Brachiosaurus, masu dogayen ƙafafun gaba, da na su Diplodocus, masu siraran haƙora. Nigersaurus tana reshe na biyu, cikin wani ɗaki da ake kira Rebbachisauridae, wanda ya samo sunansa daga wata 'yar'uwarta da aka tono a Maroko.

Ba a gane haka nan take ba. Bafaranshe Philippe Taquet ne ya fara tsintar ƙasusuwanta a tafiye-tafiyen da ya yi tsakanin 1965 da 1972, kuma da fari ya ɗauka ta wani ɗakin ce daban. Sai a 1999 Paul Sereno na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka ba ta suna, suka karrama ƙasar da kuma Taquet. Kada a ga laifin malamin na farko: ƙasusuwan nan ba su da ƙwari, yawancinsu a farfashe ake samun su.

Dalilin rashin ƙwarin shi ne abin mamaki. Ƙasusuwan bayanta rami ne a kan rami, iska ta fi ƙashi yawa a cikinsu, wasu bangayen kaurinsu bai kai milimita 2 ba. Jakunkunan iska ne da ke haɗe da huhu suka ratsa ƙashin, irin tsarin da tsuntsaye ke da shi har yau. Ƙoƙon kan ma haka: akwai inda in ka haska fitila, haske zai ɓullo ta ɗaya gefen. Da wannan ƙira dabba mai tsawon mita 9, mai nauyin da aka kiyasta ya kai na giwa, take ɗaukar jikinta ba wahala.

Wuyan fa? Gaɓa 13 ne, kuma gajeru. Diplodocus na da 15, Mamenchisaurus ta ƙasar Sin na da har 19. Raƙumin dawa, duk da tsawon wuyansa, gaɓa 7 gare shi, daidai da ni da ku. Wato a cikin masu dogon wuya, ta Nijar ita ce mai gajeren wuya.

Amma inda zancen yake, a baki yake. Ku saurara da kyau. Bakinta ya fi sauran kan faɗi, kuma gabansa a miƙe yake ɗoɗar, ba lanƙwasa. Haƙoran duka sun taru a gaba, a jere: layi 68 a muƙamuƙin sama, 60 a na ƙasa. A ƙarƙashin kowane haƙori da ke aiki akwai wasu na jiran gado, wani wurin har 9, ɗaya bayan ɗaya cikin ƙashi. In an haɗa su sun haura 500. Binciken da aka yi a kan layukan girma da ke cikin haƙoran ya nuna kowane ɗaya kan yi kimanin kwana 14 kafin na bayansa ya ture shi. Me ke cinye haƙori da sauri haka? Ƙasa da tsakuwa. Dabbar da ke yagar tsiro dab da ƙasa dole ta haɗa da yashi, shi ya sa aka yi mata laƙabi da saniyar zamaninta. Sai dai ba ciyawar da muka sani ta ci ba, don a lokacin ciyawa ba ta mamaye duniya ba. Ƙananan tsirrai masu laushi na bakin ruwa ne abincinta.

Akwai inda masana suka raba gari. A 2007 Sereno da jama'arsa sun ɗauki hoton cikin ƙoƙon kan da na'urar asibiti, suka duba hanyoyin kunnen ciki da ke daidaita tsayuwar dabba, suka ce kullum bakinta ƙasa yake kallo. Wasu suka ce a yi hattara, domin dabbobin yau ma ba kullum suke riƙe kai yadda kunnen ciki ya nuna ba. A ganina masu jan hankalin suna da hujja game da yadda take riƙe kai, amma batun abin da take ci, haƙoran sun riga sun yanke hukunci.

Kuma ba ita kaɗai ce mai dogon wuya a ƙasar ba. A yankin Ingal an tono Jobaria, wadda ita ma aka ba ta suna a 1999: ta ninka Nigersaurus tsawo, haƙoranta masu faɗi ne, kuma ta girme ta da miliyoyin shekaru.