Yoyo ko Rima: Gano Tushen Danshi da Bororon Fenti a Gine-ginen Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

A ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da ke yammacin Jihar Kano, ana samun shimfiɗaɗɗen rufi iri biyu: rufin soro na ƙasa da azara, da kuma rufin kankare na zamani. Dukkansu suna fuskantar jarrabawa ɗaya idan marka ta kankama a watan Agusta. Ruwan sama milimita 50 a kan ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4 ya kai lita 800, wato cikin duro huɗu masu lita 200. Idan wannan ruwa bai sami hanyar sauka ba, jikin ginin zai shiga. Wannan maƙala ta duba yadda ake karanta alamomin da yakan bari, bisa hujjar cewa inda danshi ya bayyana ba lalle ne nan ruwa ya shiga ba.

2.0 Kalmomin Tantancewa

Hausa ta bambanta abubuwan da ido kan ɗauka ɗaya ne. Yoyo shi ne ruwan da ya keto rufi daga sama. Rima kuwa danshi ce da ke tasowa daga ƙasa ta kama daɓe da gindin bango. Jirwaye shi ne tabon da ruwa ya bari bayan ya bushe, bororo kuma kumburin fenti ne. Na farko da na biyu sanadi ne, na uku da na huɗu alamu ne. Maigidan da ya gauraya su yakan kashe kuɗi a kan alama, ya bar sanadin yana cin ginin.

3.0 Yadda Bororo Ke Samuwa

Fentin mai yakan rufe bango kamar fata. Idan ruwa ya ratso yaɓe ta baya, zafin rana sai ya mayar da shi tururi, tururin ya rasa mafita, ya ɗaga fentin. Haka kuma ruwan yakan narkar da gishirin da ke cikin siminti da yashi. Yayin da ya ƙafe, gishirin ya daskare a ƙarƙashin fenti ya ɓamɓare shi, har a ga farin gari kamar kanwa. Farar ƙasa da ake shafa wa soro ba ta cika yin bororo ba, domin tana barin danshi ya fita, sai dai ta yi jirwaye. Matsala takan tsananta idan aka yi wa ginin ƙasa yaɓen siminti sannan aka bi da fentin mai: ruwa ya maƙale a tsakani, ƙasa ta yi laushi, bakin azara ya ruɓe, gara ta samu wurin zama.

4.0 Matakan Bincike

Mataki na farko shi ne duba matsayin tabo. Rima ba ta cika haura mita ɗaya daga daɓe ba, alhali yoyo yakan faro daga kusurwar da rufi ya haɗu da bango ya gangaro. Na biyu shi ne lokaci: tabon da ke faɗaɗa bayan kowane ruwa, ya ƙafe da hunturu, na rufi ne, wanda ke jiƙe har cikin bazara yana nuni ga bututu ko tankin da aka ɗora a sama. Na uku shi ne hawa rufin jim kaɗan bayan ɗaukewar ruwa. A rufin soro, ana duba indararo ko ya toshe, da gindin rawani da zankwaye, da wuraren da laso ko makuba suka zaizaye. A rufin kankare kuma, ana neman tsaga da kwarin da ruwa ke kwanciya, da jan layin tsatsa a ƙasansa, wanda ke nuna ruwa ya kai ga rodi. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai dai ruwa yakan bi azara ko rodi ya yi tafiya kafin ya ɗiga, don haka bincike ya faro daga tabon ya bi gangare zuwa sama. Ana iya toshe mafitar rufin kankare a tara ruwa na awa 24 don gwaji, amma yin haka a rufin ƙasa ganganci ne, domin nauyi da laushi suna iya rufto shi.

5.0 Kammalawa

Tsarin gyara yana bin tsarin bincike: a toshe mashiga, a gyara gangare da indararo, a kankare fentin da ya kumbura, a bar bango ya sha iskar hunturu, sannan a sake shafe. Maginan gargajiya sun san wannan, shi ya sa gyaran rufi yake gabatar damina. Laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin dabba da dafara, ya dogara ne ga wasu sana'o'in da su ma suke ja da baya. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin magina a Gwarzo da Getso da Kabo da Garo aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa, domin kowace kalma a cikinsu tana ɗauke da hanyar gano cutar gini.