AGOGON KAKA: AGOGO MAI TSAWON MUTUM

Tun zamanin kakanni, mutanen Maraɗi da Tibiri suna gane lokaci ba tare da agogo ba. Carar zakara da fitowar gamzaki su ne alamar asuba. Tsawon inuwa shi ke nuna azahar da la'asar. Makiyayi ya san hantsi, ya san lokacin shayar da bisashe. To amma inuwa ba ta faɗin minti.

A ƙasar Turai ma haka abin yake da farko. Agogunan da suke ƙerawa suna kuskure har minti 15 a kwana ɗaya. Wani masani ɗan Italiya, sunansa Galileo, ya lura da wani abu: in an rataya nauyi ga igiya aka kaɗa shi, lokacin zuwansa da dawowarsa kusan ɗaya ne kullum, muddin tsawon igiyar bai sake ba. A shekara ta 1656, Christiaan Huygens na ƙasar Holand ya ƙera agogo mai irin wannan lilo. Kuskure ya ragu, ya koma wajen sakan 15 a kwana.

Wajen shekara ta 1670, maƙeran Ingila suka ƙara tsawon lilon har ya kai kusan mita ɗaya. Dole aka yi masa dogon akwati na katako, mai tsayuwa ƙasa. Tsawon akwatin ya kai mita 2, wani ma ya fi. Sunan "agogon kaka" kuwa daga baya ya zo, daga wata waƙa da aka yi a Amurka a 1876. A Faransa, cikin duwatsun Jura, manoma da yawa sun yi sana'ar ƙera kayan irin wannan agogo lokacin sanyi, sa'ad da babu aikin gona.

Yaya yake aiki? Ba ya bukatar batir ko lantarki. Cikin akwatin akwai nauyi biyu a rataye, kamar guga cikin rijiya. Suna sauka sannu-sannu. Ɗaya yana juya hannuwan agogo, ɗaya yana buga ƙararrawa. Lilo shi ne mai tsaro: kowane kaɗawa sakan ɗaya ne, kuma haƙori ɗaya yake bari ya wuce. Yawancinsu suna kwana 8 kafin nauyin ya kai ƙasa, don haka sau ɗaya a mako ake ɗaga shi. Zafi yana ƙara wa ƙarfen lilo tsawo, sai agogo ya yi latti. Maganinsa a ɗan ɗaga nauyin da ke ƙarshen lilon. Ƙura ma abokiyar gabarsa ce.

Kowa yana iya gwadawa gida. A samu zare mai tsawon mita ɗaya, a ɗaura masa dutse, a rataya ga reshe, a kaɗa shi kaɗan. Daga wannan gefe zuwa wancan, ɗaya ke nan. In an ƙirga 60, minti ɗaya ya cika.

Yau agogon batir da salula sun kama wurinsa, amma bukatar sanin lokaci sai ƙaruwa take. A Jiratawa, inda aka gyara filin noman rani tun farkon shekarun 1980, bi da bi ake ban ruwa. Wanda ya wuce lokacinsa ya ci hakkin maƙwabci, wanda ya yi latti shukarsa ta sha ƙishi. Haka maganin da likita ya ce a sha kowace awa 8, ba a auna shi da inuwa.

Karatun agogo ba wuya. Lambobi 12 ne. Gajeren hannu yana nuna awa, dogon yana nuna minti. Duk wanda ya iya ƙirga a ajin yaƙi da jahilci, ya riga ya ci rabin hanya.