Madatsar Kainji: Abin Da Ya Sa Ake Buɗe Ƙofofin Ruwa

Kowace shekara idan damina ta yi nisa, mutanen da ke zaune bakin Kogin Kwara daga Jebba zuwa Lokoja sukan kwana da fargaba, domin sun san cewa an kusa sakin ruwa daga Kainji. Da yawa suna tambaya, don me ba za a rufe ƙofofin a ƙyale talakawa da gonakinsu ba? Amsar tana cikin yadda aka gina madatsar.

An soma aikin Kainji a 1964, kamfanin Impregilo na ƙasar Italiya ya kammala shi a 1968, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe ta a 1969. An tsara ta domin injuna 12, amma 8 aka fara kafawa, masu ƙarfin megawat 760. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130. Ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya mutu a 1806, aka kuma tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin garuruwa. Ta haka aka kafa Sabuwar Bussa.

Tsakiyar madatsar ne kaɗai aka yi da kankare, inda injuna da ƙofofin ruwa suke. Sauran bangon, mai tsawon kilomita da dama, tarin duwatsu ne da ƙasa. Irin wannan bango yana iya riƙe ruwa shekara da shekaru, amma idan ruwa ya haura kansa, sai ya soma zaizaye shi har ya ɓalle.

Sau biyu kogin yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na ruwan saman da ke sauka a yankinmu, wanda yakan kai ƙarfinsa wajen Satumba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya iso da rani. Masu kula da madatsar sukan rage tafkin kafin farin ruwa ya zo. Idan ya zo da yawa fiye da wurin da aka tanada, ba makawa sai a buɗe ƙofofi.

Mun riga mun ga abin da ke faruwa idan madatsa ta gaza. Ta Bagauda a Kano ta ɓalle a 1988, ta Alau kuma ta yi ambaliya cikin Maiduguri a Satumban 2024. Su biyun ba su kusa girman Kainji ba.

Saboda haka sakin ruwa dole ne. Abin da ya kamata mu nema shi ne a saki shi da kaɗan-kaɗan, a kuma yi gargaɗi da wuri cikin harshen da manomi da masunci suke ji. Madatsar ta haura shekara 50, tilas a riƙa duba bangonta da ƙofofinta a kai a kai.

Mu ma muna da namu aikin. Idan sanarwa ta zo ta rediyo, a maimaita ta a majami'a da masallaci da kasuwa. A fara kwashe tsofaffi da yara da hatsi zuwa tudu, kada a jira sai ruwa ya iso bakin ƙofa.